Daɗewa a Kujera da Ƙarfin Shimfiɗar Siyasa: Nazarin Zaɓen Sanatan Kano ta Kudu na 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci zaɓen sanatan Kano ta Kudu da aka gudanar ranar 25 ga Fabrairu, 2023, wanda Sulaiman Abdurrahman Kawu Sumaila na jam'iyyar NNPP ya kayar da Sanata Kabiru Ibrahim Gaya na APC bayan shekara 16 yana riƙe da kujerar. An kwatanta zaɓen da na Kano ta Arewa na wannan rana, da kuma na Kano ta Kudu na 2011. Maƙalar ta gano cewa guguwar Kwankwasiyya, wato farin jinin Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP, da ƙarancin takardun naira da sabuwar na'urar tantance masu zaɓe duk sun yi tasiri, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya bayyana sakamakon shi kaɗai. Abin da ya raba gardama shi ne ficewar jagororin tsakiya, waɗanda ke haɗa sanata da akwatin zaɓe.

1.0 Gabatarwa

Sashe na 48 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowace jiha sanatoci uku, ya ba Babban Birnin Tarayya ɗaya, jimla 109. Kundin ya taƙaita shugaban ƙasa da gwamnoni ga wa'adi biyu, amma bai iyakance sau nawa ɗan majalisa zai nemi komawa ba. A bisa wannan, ana iya zaton sanata mai ci zai riƙa ƙara ƙarfi duk lokacin da ya sake cin zaɓe, tunda sunansa na ƙara sanuwa, kuɗinsa da abokan hulɗarsa na ƙaruwa. Abin da ake gani a zahiri ya saɓa wa wannan zato, domin a zaɓen 2023 fiye da rabin sanatocin majalisa ta tara ba su koma ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta amsa tambaya ɗaya: a wane hali ne daɗewa a kujera ke daina zama jari ga sanata? An zaɓi Kano ta Kudu domin mai cin da aka kayar ba ƙaramin ɗan siyasa ba ne. Kabiru Gaya ya yi gwamnan Kano daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993 a ƙarƙashin NRC, ya ci zaɓen sanata sau huɗu a jere, a 2007 da 2011 da 2015 da 2019, ya shugabanci kwamitin ayyuka a majalisa ta takwas, sannan kwamitin da ke sa ido kan hukumar zaɓe ta INEC a majalisa ta tara. Duk da haka, sakamakon da INEC ta bayyana ya ba abokin takararsa ƙuri'a sama da 300,000, shi kuwa bai kai 200,000 ba. Matsayar maƙalar ita ce, ƙarfin sanata mai ci a Nijeriya ba mallakinsa ba ne na ƙashin kansa. Ƙarfi ne da ke hannun jagororin da ke tsakaninsa da jama'a, kuma ranar da suka janye, shekarun da ya yi a kujera ba za su cece shi ba.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

2.1 Ra'in fifikon mai ci. Yawancin abin da aka rubuta kan wannan batu ya faro ne daga Amurka, inda 'yan majalisar wakilai da suka nemi komawa sukan yi nasara da fiye da kashi 90 cikin 100 a mafi yawan zaɓuka. Mayhew (1974) ya nuna cewa ɗan majalisa yana tsara aikinsa ne bisa neman a sake zaɓensa, ta hanyar tallata kansa da danganta ayyuka ga kansa da bayyana matsaya kan batutuwa. Fenno (1978) ya mayar da hankali kan yadda ɗan majalisa ke mu'amala da mutanen mazaɓarsa idan ya koma gida. Cain da Ferejohn da Fiorina (1987) sun yi bayanin ƙuri'ar mutum, wato ƙuri'ar da ɗan takara ke samu saboda shi kansa ba saboda jam'iyyarsa ba. Jacobson da Kernell (1981) kuwa sun lura cewa gogaggen abokin hamayya ba ya fitowa sai ya hango rauni a tattare da mai ci, don haka fitowarsa alama ce ta raunin kafin ta zama sanadin faɗuwa.

2.2 Ra'in nauyin kujera. Nazarin da aka yi a ƙasashe masu tasowa ya zo da akasin haka. Uppal (2009) ya gano cewa a zaɓukan majalisun jihohin Indiya kasancewa mai ci yana rage damar nasara, Klašnja da Titiunik (2017) kuma sun ga makamancin haka a zaɓukan shugabannin birane a Barazil, inda jam'iyyu ba su da ƙarfi. A Gana, Lindberg (2010) ya nuna cewa abin da jama'a suka fi matsa wa ɗan majalisa a kai shi ne biyan buƙatun ɗaiɗaikun mutane da ayyukan raya ƙasa, ba yin doka ba. Tunda buƙatun sun fi ƙarfin aljihun kowane ɗan majalisa, masu ƙorafi sukan ƙaru da tsawon zamansa.

2.3 Nazarin siyasar Nijeriya. Whitaker (1970) ya bayyana yadda dangantakar ubangida da bara ta shiga jam'iyyun Arewa tun jamhuriya ta farko, Paden (1973) ya nazarci yadda addini da shugabanci ke tsara biyayyar siyasa a Kano, Joseph (1987) kuma ya nuna yadda ake ɗaukar muƙamin gwamnati a matsayin rabon da mai riƙe da shi zai ci tare da mutanensa. Giɓin da ke akwai shi ne, ra'in farko yana hasashen mai ci zai yi nasara, na biyu yana hasashen zai faɗi, alhali a jiha ɗaya, a rana ɗaya, a jam'iyya ɗaya, wani mai ci ya faɗi wani ya tsira. Ana buƙatar bayanin da zai ɗauki duka biyun.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanci ta fuska biyu. Ta fuskar wuri, an kwatanta Kano ta Kudu da Kano ta Arewa a 2023, tunda mazaɓun biyu sun yi tarayya a gwamna da jam'iyya mai mulki da halin tattalin arziki da dokar zaɓe, amma sun bambanta a sakamako. Ta fuskar lokaci, an kwatanta 2023 da 2011, tunda ɗan takara ɗaya ne ya fuskanci farin jinin Rabi'u Musa Kwankwaso a lokutan biyu. An dogara da sakamakon da INEC ta bayyana, da tanade-tanaden Kundin Tsarin Mulki da Dokar Zaɓe ta 2022, da abubuwan da suka faru a bainar jama'a. Kalmomin fannu uku za su maimaitu. Shimfiɗar siyasa na nufin jerin mutanen da ke isar da saƙon ɗan takara daga hedikwatar jiha zuwa rumfar zaɓe. Jagororin tsakiya su ne 'yan majalisar wakilai da na jiha da tsofaffin shugabannin ƙananan hukumomi da shugabannin jam'iyya na mazaɓu, waɗanda kowannensu ke da mabiyan kansa. Tasirin guguwa kuwa shi ne ƙuri'ar da ɗan takara ke samu albarkacin farin jinin wani babba da ke jam'iyyarsa.

4.0 Tsokaci da Ƙalailaicewa

4.1 Girman mazaɓa da dogaro da jagororin tsakiya

Kano ta Kudu ta ƙunshi ƙananan hukumomi 16 daga cikin 44 na jihar: Ajingi, Albasu, Bebeji, Bunkure, Doguwa, Garko, Gaya, Ƙaraye, Kibiya, Ƙiru, Rano, Rogo, Sumaila, Takai, Tudun Wada da Wudil. Ta fi Kano ta Tsakiya mai 15 da Kano ta Arewa mai 13 yawan ƙananan hukumomi, kuma ta miƙa daga iyakar Jigawa ta gabas har dajin Falgore da iyakar Kaduna ta kudu. Yanki ne na noma da kiwo, mai madatsun ruwa na Tiga da Challawa da kasuwar dabbobi ta Wudil, kuma jama'arsa a warwatse suke cikin ƙauyuka. Babu sanatan da zai iya halartar kowace jana'iza da ɗaurin aure da suna a faɗin wannan ƙasa. Wanda ke zuwa gaisuwar rasuwa da sunansa, wanda ke rubuta sunayen waɗanda za a raba wa taki ko injin ban ruwa, wanda ke sanin mai unguwar da ya yi fushi da dalilin fushinsa, shi ne jagoran tsakiya. Manomin Rogo ko na Albasu yakan san sanata ne ta bakin wannan mutum. Ko ayyukan mazaɓu, waɗanda a lokacin ake ware wa kusan naira biliyan 100 a kasafin kuɗin tarayya kowace shekara domin 'yan majalisun biyu, ta hannun waɗannan mutane suke isa ga jama'a, kuma sau da yawa godiyar takan tsaya a kansu. Wannan ya bambanta da yanayin da Fenno ya bayyana, inda ɗan majalisa ke gina alaƙa kai tsaye da masu zaɓe.

4.2 Takardar ƙuri'a da raunin ƙuri'ar mutum

Tsarin jefa ƙuri'a kansa yana rage darajar sunan mai ci. Mai zaɓe ya zo rumfa, an tantance shi da yatsa ko da fuska a na'urar BVAS, an miƙa masa takardu uku a lokaci ɗaya: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Babu sunan ɗan takara ko hotonsa a kan ko ɗaya. Abin da ke gabansa tambarin jam'iyyu ne a jere, tsintsiya ko lema ko kwandon kayan marmari. Wanda ya shekara 16 a majalisa da wanda bai taɓa shiga ba, duk sun koma alama guda a kan takarda. Mafi sauƙi ga mai zaɓe shi ne ya dangwala wa tambari ɗaya a takardun uku, abin da ake kira sak. Kafin ya yi wake da shinkafa, wato ya zaɓi wata jam'iyya a sama wata a ƙasa, sai wani ya zauna da shi tun kafin ranar zaɓe ya nuna masa takardar da zai bambanta da dalilin bambantawar. Wannan aiki ne na ƙafa da ƙafa, kuma jagororin tsakiya da yaransu ne ke yin sa. Kano ta Tsakiya ta nuna iyakar abin da ke faruwa idan tambari ya rinjayi suna. Malam Ibrahim Shekarau ya bar NNPP zuwa PDP a Agustan 2022, amma sunansa ya ci gaba da kasancewa a jerin INEC a matsayin ɗan takarar NNPP, har hukumar ta bayyana shi a matsayin wanda ya ci, kafin kotu ta tabbatar wa Rufa'i Sani Hanga kujerar. Jama'a sun zaɓi kwandon kayan marmari, tambarin NNPP a lokacin, ba tare da la'akari da sunan da ke rubuce a ofishin hukuma ba.

4.3 Abokin hamayya ɗan gida

Kawu Sumaila ba baƙo ba ne a shimfiɗar da Gaya ya dogara da ita. Ya wakilci Sumaila da Takai a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015, a jam'iyyar ANPP wadda Gaya ya shiga majalisar dattawa a ƙarƙashinta, daga baya kuma a APC, har ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban marasa rinjaye. Bayan zaɓen 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi babban mataimaki na musamman kan harkokin majalisar wakilai. A 2018 ya nemi tikitin sanata a APC, aka bayyana Gaya a matsayin wanda ya ci zaɓen fid da gwani, shi kuma bai gamsu ba. Saboda haka takarar 2023 ci gaba ce ta rikicin cikin gida wanda jam'iyya ba ta warware ba. Ya san shugabannin mazaɓun, ya san waɗanda aka ɓata wa, ya san inda ƙuri'a take. Kuma da ya bar APC zuwa NNPP, ba shi kaɗai ya fita ba. A watannin da suka gabaci zaɓukan fid da gwani na 2022, Kabiru Alhassan Rurum, tsohon shugaban majalisar dokokin Kano kuma wakilin Rano da Kibiya da Bunkure, ya koma NNPP, haka ma Abdulmumin Jibrin Kofa, tsohon wakilin Ƙiru da Bebeji. Idan aka haɗa mazaɓun waɗannan mutum uku, ƙananan hukumomi bakwai ne daga cikin 16. Rurum da Jibrin duk sun ci kujerunsu a 2023. Ma'anar wannan ita ce, a kusan rabin mazaɓar, mutanen da a da za su zauna da mai zaɓe su roƙa wa sanata mai ci ƙuri'a, su ne yanzu ke roƙa wa abokin hamayyarsa.

Dalilin ficewar tasu yana da alaƙa da daɗewar mai ci. Kujerar sanata ɗaya ce, masu hanƙoronta da yawa. Ɗan majalisar wakilai da ya yi wa'adi biyu ko uku yana sa ran hawa gaba, kuma idan wanda ke sama bai da niyyar sauka, hanya ta toshe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙara tsananta lamarin, domin sashe na 84 ya bar zaɓen fid da gwani na wakilai a hannun zaɓaɓɓun daliget kaɗai, gyaran da majalisa ta yi don shigar da masu riƙe da muƙamai kuma bai samu sa hannun shugaban ƙasa kafin zaɓukan fid da gwani ba. Wanda ke riƙe da shugabancin jam'iyya a jiha shi ke da ta cewa kan waɗanda za su zama daliget. Bayan Kotun Ƙoli ta tabbatar da shugabancin Abdullahi Abbas, na ɓangaren Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, a Mayun 2022, duk mai buri da ba ya cikin lissafin gwamna ya san ba shi da rabo a APC. A daidai wannan lokaci NNPP ta buɗe ƙofa da tikiti a hannu.

4.4 Kwatanci da Kano ta Arewa

A ranar da Gaya ya faɗi, Sanata Barau Jibrin na APC, wanda ke kan kujera tun 2015, ya kayar da Abdullahi Baffa Bichi na NNPP, daga baya kuma ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa. Abin lura shi ne Barau ya kasance cikin ɓangaren da ya yi jayayya da Ganduje kan shugabancin jam'iyya a 2021, kuma Ganduje kansa ya nuna sha'awar kujerar. Amma an yi sulhu, gwamna ya janye, Barau ya tsaya a APC. Ganduje ɗan Dawakin Tofa ne, ɗan takarar mataimakin gwamna na APC Murtala Sule Garo ɗan Kabo ne, ƙaramar hukumar Barau. Wato a arewa rikicin ya ƙare da haɗewar jagorori, a kudu kuwa ya ƙare da watsewarsu. Guguwa ɗaya ta bugi mazaɓun biyu, wadda shimfiɗarta ke haɗe ta tsaya.

4.5 Kwatanci da zaɓen 2011

Shekarar 2011 ita ce ta dawowar Rabi'u Musa Kwankwaso kan kujerar gwamna a PDP. A zaɓen majalisar dattawa na wannan shekara PDP ta ci Kano ta Tsakiya da Bashir Garba Lado, ta ci Kano ta Arewa da Bello Hayatu Gwarzo. Gaya ne kaɗai ya riƙe wa ANPP kujera, kuma ya yi haka ba tare da inuwar Buhari ba, domin a lokacin Buhari yana CPC. A wannan zaɓe Kawu Sumaila yana gefensa a jam'iyya ɗaya, shi ma ya ci kujerarsa. Wannan hujja ce mai nauyi a kan masu cewa Gaya bai taɓa cin zaɓe ba sai da guguwa. Gaskiya ne a 2015 Buhari ya samu ƙuri'a kusan miliyan 1.9 a Kano, a 2019 kuma sama da miliyan 1.4, kuma duk ɗan takarar APC ya amfana. Amma 2011 ta nuna mutumin yana iya tsayawa gaban farin jinin Kwankwaso muddin jagororin yankinsa suna tare da shi. Abin da ya canja tsakanin 2011 da 2023 shi ne inda waɗannan jagorori suka tsaya.

5.0 Ƙalubale ga Wannan Matsaya da Amsoshinsu

5.1 Ana iya cewa guguwa ce kawai. Kwankwaso na NNPP ya samu ƙuri'a 997,279 a Kano a zaɓen shugaban ƙasa, Bola Tinubu na APC ya samu 517,341, kuma 2023 ne karo na farko tun 2003 da babu Buhari a takara. Maƙalar ba ta musanta wannan tasiri ba, misalin Kano ta Tsakiya ma ya tabbatar da shi. Da babu jam'iyya mai farin jini da za ta karɓe su, da wuya jagororin su yi kasadar fita. Sai dai guguwa ba ta bayyana tsirar Barau ba, ba ta kuma bayyana yadda Alhassan Ado Doguwa ya riƙe wa APC kujerar Doguwa da Tudun Wada, a cikin Kano ta Kudu, bayan zaɓen cike giɓi na Afrilu. Haka nan, makonni uku bayan zaɓen Fabrairu, a zaɓen gwamna na 18 ga Maris, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705 a gaban 1,019,602 na Abba Kabir Yusuf na NNPP. Jam'iyyar da ta iya ɗaga ƙuri'arta haka cikin makonni uku ba ta mutu ba. Inda shimfiɗarta ta yi aiki, ta kawo ƙuri'a.

5.2 Ana iya cewa matsin rayuwa ne. Sauya fasalin naira da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a Janairu da Fabrairun 2023, ga kuma wahalar man fetur. Yankin karkara, inda ciniki ya dogara da kuɗin hannu, ya fi jin jiki, kuma jama'a sun ɗora laifin a kan jam'iyya mai mulki duk da cewa Ganduje ya fito fili ya soki manufar. Amma Kano ta Arewa ma karkara ce, kasuwanninta sun sha wahala iri ɗaya. Dalilin da ya shafi mazaɓu biyu daidai wa daida ba zai bayyana bambancin sakamakonsu ba.

5.3 Ana iya cewa na'urar BVAS ce. Dokar da ta ba ta gindin zama, wadda Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ta bi ta kwamitin da Gaya ke shugabanta. Na'urar ta rage damar rubuta ƙuri'ar da ta zarce adadin waɗanda aka tantance, kuma mutanen da suka yi zaɓe a Kano ba su kai sulusin masu rajista kusan miliyan 5.9 ba. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa aka ƙidaya abin da aka jefa, ba ya bayyana dalilin da ya sa aka jefa shi haka. Hasali ma yana ƙarfafa matsayar maƙalar, domin idan fitowar jama'a ta yi ƙasa kuma ba a iya ƙari a takarda, darajar mutumin da zai iya fito da mutum hamsin daga gidajensu zuwa rumfa takan ninka.

5.4 Ana iya cewa jama'a ne suka gaji. Matashin da ya cika shekara 18 a 2023 yana da shekara biyu lokacin da Gaya ya fara shiga majalisa, kuma yankin da ya fitar da tsohon gwamnan Kano Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙasar Sumaila, yana da tarihin karɓar kiran sauyi. Wannan ƙalubale shi ya fi sauran ƙarfi, kuma bai kamata a ɗauki masu zaɓe kamar kayan da jagorori ke ɗauka su sauke inda suka ga dama ba. Jagoran tsakiya yana sauraron mutanensa kafin ya motsa, ficewarsa kuma sau da yawa amsa ce ga abin da ya ji a ƙasa. Amma gajiya ba ta zama ƙuri'a sai ta samu wanda zai tattara ta. Misali, Ahmad Lawan, shugaban majalisar dattawa ta tara, ya shiga majalisar dattawa a shekara ɗaya da Gaya, yana majalisar tarayya tun 1999, kuma ya koma a 2023. Sabbin masarautun da gwamnatin Ganduje ta kafa a 2019 ma abin lura ne: uku daga cikin huɗu, Rano da Gaya da Ƙaraye, a Kano ta Kudu suke, amma hakan bai hana APC rasa kujerar ba. Kyautar da aka yi wa yanki daga sama ba ta maye gurbin mutanen da ke yawo gida gida.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa sanata mai ci yana shiga haɗari idan abubuwa uku suka haɗu: gogaggen abokin hamayya daga cikin gidansa, ficewar jagororin tsakiya tare da shi, da jam'iyyar da ke da farin jinin da za ta ɗauke su. Daɗewa a kujera tana haifar da na farko da na biyu, domin tana toshe wa na ƙasa hanya. Komawar Kawu Sumaila da Rurum APC a 2025 ta ƙara nuna cewa shimfiɗar mutane ce ke ɗorewa, jam'iyya kuwa ana sauya ta gwargwadon buƙata. Daga wannan, abubuwa uku sun biyo baya. Ga jam'iyyu, tikitin da aka bayar ba tare da gamsar da masu neman sa ba yana ɗage rikici ne zuwa babban zaɓe, inda asararsa ta fi tsada. Zaɓen fid da gwani na gaskiya shi ne kariyar jam'iyya. Ga masu gyaran dokar zaɓe, ya dace a duba sanya sunan ɗan takara kusa da tambarin jam'iyyarsa, domin mai zaɓe ya iya saka wa wakilinsa ko ya hukunta shi a kan aikinsa na majalisa. Ga manazarta kuwa, ra'o'in da aka gina kan alaƙar ɗan majalisa da mai zaɓe kai tsaye suna buƙatar gyara kafin a ɗora su a kan Nijeriya, kuma mataki na gaba shi ne a gwada wannan matsaya da sakamakon rumfa rumfa, a kuma kwatanta ta da faɗuwar Bukola Saraki a Kwara ta Tsakiya da ta Shehu Sani a Kaduna ta Tsakiya a 2019.